Shekara Bakwai a Cikin Firij

Karo na biyar ke nan abin ya suɓuce daga hannun Mai Ɗinki, ya faɗi ƙasa, ya gangara ƙarƙashin kujera. Ta fizge ɗankwalin da ta ɗaure idonta da shi.

"Baba, ni fa zare da allura na sani. Wannan abin naka ya fi ƙarfina."

"Ai zaren ne," in ji tsohon, "sai dai shi yana da faɗi. Ɗauko ki sake."

Ta durƙusa ta lalubo shi. Wani faifan roba ne fari, zagayayye kamar bobin ɗin keken ɗinki, amma ya kai tafin hannu girma. A cikinsa ake zura fim ya naɗe ba tare da wani sashe ya taɓa ɗan'uwansa ba. Tun bayan shayin safe Mai Hoto yake koya mata da wani tsohon fim da ya lalace. Da idonta buɗe ta iya. Da ido a ɗaure ne abin ya gagara, ga shi kuma ya ce na gaskiyar a cikin baƙin duhu ake yinsa, duhun da ko hannunka ba ka gani.

Ƙofarta da tasa suna kallon juna a hawa na biyu na gidan. A da yana da shagon ɗaukar hoto a bakin titi. Da wayoyi suka cika gari ya rufe shagon, ya kwaso kayansa ya jibge su a ɗan sitonsa, ya ci gaba da abinsa kamar ba abin da ya faru. Kullum da hantsi zai sauka da tsohuwar kyamararsa a wuya, ya tsaya a wata kwana sa'a guda, wani lokaci ya dawo bai danna ko sau ɗaya ba. Mai burodin ƙasan bene yakan tsokane shi, "Baba, yau ma farautar ba ta yi ba?" Shi kuma ya ce, "Na gan shi, bai shirya ba ne."

Shekara biyu ke nan da hannunsa ya fara rawa. Tun watan jiya kuma ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya soma yi masa gardama a kan matakala. Likita ya ce zuciya ce. Yau da ƙarfe huɗu Auta, 'yarsa malamar makaranta, za ta zo da mota ta kai shi asibiti a ba shi gado.

"To wai me ke cikin fim ɗin nan da ba zai jira ka dawo ba?" Mai Ɗinki ta tambaya. "Ga kayan 'yan makaranta can jibge suna jirana."

Ya dube ta ta saman tabarau. "'Yata, ni da ke mun girmi maganar dawowa."

Ya nuna mata kicin da haɓa.

"Buɗe firij. Bayan gorar ruwa akwai wata robar bota."

A cikin robar ta tarar da ɗan gwangwanin fim, sanyi ƙalau, an liƙa masa farar takarda da kwanan wata. Ta karanta, ta sake karantawa. Ranar da suka ƙauro gidan ce, ita da mijinta direban babbar mota. Kwana tara bayan ranar ne motarsa ta faɗi a hanya, aka kawo mata labari tana cikin auna wata mata.

"Ina tsaye a bakin shagon burodi," in ji Mai Hoto a hankali. "Ya sauko daga mota da kan keken ɗinkinki a kafaɗa, yana yi miki wata magana. Rana ta bugo bangon can ta dawo kanku. Na danna sau uku."

Mai Ɗinki ta zauna a hannun kujera. Mijinta mutum ne mai gudun hoto, da an ɗaga waya sai ya sa hula ya rufe fuska. 'Yan kaɗan ɗin da ake da su suna cikin wayarsa, wayar kuma ta tafi tare da motar. Abin da ya rage mata shi ne na jikin lasisinsa, bai fi babban yatsa ba, hatimi ya cinye masa rabin kunci.

"Shekara bakwai, Baba?" in ji ta. "Kullum ina gaishe ka, ina kawo maka ruwan zafi, ashe yana nan bayan gorar ruwa?"

"Ki faɗi duk abin da ke ranki, na cancanta." Ya danne hannunsa na dama da na hagu don ya daina kaɗawa. "Da fari na ce bari hawayenki ya tsaya. Daga baya sai tsoro ya kama ni. Yana tafiya lokacin da na ɗauka, ban tabbata na same shi ba. Na ce idan na wanke ya fito dishi-dishi fa? Na kashe miki shi sau biyu ke nan. Muddin yana cikin gwangwanin nan, a raina hoton mai kyau ne. Ina ta gobe, gobe, har hannun ya tafi ya bar ni."

"Ka kai wa wani mana."

"Wa ya rage? Mu huɗu ne a garin nan masu wankin fim da hannu. Na raka uku."

Ta ajiye gwangwanin a kan tebur, ta fita ba sallama. A ɗakinta ta zauna gaban keke, ta zuba wa yadin makarantar ido ba tare da ta gan shi ba. Haushi take ji, amma ta rasa inda za ta ajiye shi, don tsohon nan shi ne ya riƙa zama a bakin ƙofarta a watannin farko, ba ya cewa komai, yana gyara kyamara a cinyarsa, don kawai kada hawan ya yi mata shiru. Can ta ɗauki allura, ta rufe ido, ta lashi bakin zare. A karo na biyu ya shige. Ta tashi ta wanke hannu, ta goge shi sosai har tsakanin yatsu kamar yadda ya ce, ta koma.

"Idan na ɓata fa?"

"Kin ɓata abin da ni na kasa taɓawa. Shigo."

Siton bai fi tabarma biyu ba. Wari ne a ciki mai kama da na tsami, ga kwalabe jere a kan kanta, kowace da rubutun hannunsa. Ya zauna a kan kujerar katako, ya sa ta toshe ƙasan ƙofa da tawul, ya nuna mata inda almakashi yake, da faifan, da baƙar robar da za a rufe fim ɗin a ciki.

"Kin haddace wurin kowa?"

"Na haddace."

Ya kashe wuta.

Ba ta taɓa sanin akwai duhu irin wannan da rana tsaka ba. Ba abin da take ji sai numfashin tsohon mai ƙugi da ƙarar wani babur can nesa. Ta ɓalle murfin gwangwanin. Fim ɗin ya zubo mata a hannu, sanyi, santsi, yana nannaɗewa kamar mai rai.

"Gefe-gefe za ki riƙe. Kada ki taɓa cikinsa. Datse bakin."

Almakashi ya ce ƙyas. Ta lalubo bakin faifan, ta zura, ta fara murzawa, dama, hagu, dama, hagu. Yana shiga. Har ta fara sakin numfashi sai ta ji ya cije.

"Baba, ya tsaya."

"Kada ki tilasta shi. Shekara bakwai yana naɗe, dole ya yi taurin kai. Ja baya kaɗan."

Ta ja baya. Gumi ya fara tsattsafo mata a yatsu, fim kuwa ba ya son gumi. Ta sake turawa, ta ji wani ɗan ƙaras a ƙarƙashin babban yatsanta, kamar an taka busasshen ganye.

"Na ji wani abu."

"Na ji shi ni ma. Ci gaba. Abin da ya wuce ya wuce, ki ceci na gaba."

Ta ci gaba har ƙarshen ya shige. Ta saka shi a baƙar robar, ta murɗa murfi. Da ya kunna wuta sai ta ga rigarta ta jiƙe sharkaf, shi kuma yana murmushi da ido a rufe.

Sauran aikin a cikin haske aka yi shi. Ita ke aunawa da zubawa, shi ke kallon agogon bango. Ya ce a ƙara wa fim ɗin minti biyu a ruwan magani na farko, tunda tsoho ne, sai an lallashe shi. Kowane minti ta juya robar sau huɗu, ta ƙwanƙwasa gindinta a kan kanta.

"Mutane suna cewa wahala nake so," in ji shi, idonsa a kan agogo. "Talatin da shida kawai fim yake ɗauka. In ka san haka, ba ka danna wa kowa. Sai ka tsaya ka kalli mutum har ya manta da kai, ya koma kansa. Ni ban taɓa neman kyakkyawa ba. Mai gyaran takalmin can, kin taɓa ganin yadda yake shafa takalmi in ya gama, kamar kan jikansa? Wata uku na bi shi kafin na samu. Juya, lokaci ya yi."

Da aka zubar da ruwan ƙarshe aka ɗauraye, ya ce ta buɗe. Ta jawo fim ɗin a hankali, yana ɗigar ruwa, ta ɗaga shi saitin ƙwan lantarki. Ga ƙananan hotuna nan jere, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Amma wajen tsakiya, inda ya cije, wani sashe ya manne da ɗan'uwansa, magani bai shiga ba. Wani farin tabo kamar madara ya shafe hoto biyar.

Mai Hoto ya sa gilashinsa mai ƙara girma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe.

"Biyu daga cikin ukun suna cikin tabon," ya ce. "Har da wanda ya juyo."

Ta dafa bango.

"Tsufan fim ne, ba hannunki ba."

Ta san ba haka ba ne, ta kuma san dalilin da ya sa ya faɗa. "Na ukun fa?"

"Na ukun yana nan. Sai ya bushe mu ga abin da Allah ya bar mana."

Suka maƙale shi a igiya. Ya kishingiɗa a kujerar falo, barci ya ɗauke shi baki buɗe. Ta haɗa masa shayi, da ya farka ya kurɓa sau biyu ya ture. Ƙarfe uku da 'yan mintuna sai ga Auta, jaka a kafaɗa, makullin mota a hannu. Tun daga ƙofa ta toshe hanci.

"Baba! Likita bai ce ka rabu da warin nan ba? Yaya, ke ma da hankalinki kika biye masa?"

"Ba laifinta, ni na yi mata dole. Ki ba ni rabin sa'a, Auta."

"Rabin sa'arka na sani. Tun ina 'yar firamare nake jiran rabin sa'arka a bakin ƙofar ɗakin wankin hoto."

Ya miƙa mata hannu ta tashe shi. "To yau ki shigo."

Auta ta tsaya tana kallonsa. Tun tasowarta ba a taɓa barinta ta shiga ɗakin wanki ba, ko na shago ko na nan. Ta ajiye jakar.

Su uku suka cushe a siton. Wannan karon jar fitila ya kunna, komai ya koma launin garwashi. Ya sa Mai Ɗinki ta ɗora fim ɗin a injin da ke haska shi kan takarda, ya ƙirga daƙiƙu da bakinsa, sannan ya ce Auta ta tsoma takardar a farantin magani ta riƙa jijjiga shi a hankali.

"Ba komai a jiki, Baba."

"Jira."

Sai wata inuwa ta fara tasowa daga cikin farin, kamar mutum yana fitowa daga hayaƙi. Kafaɗa ce ta fara bayyana, sannan kan keken ɗinki a kanta, sannan ƙeya da kunne ɗaya. Ya ba da baya. Mai Ɗinki ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa ruwan. Ga facin da ta yi masa a gwiwar hannun rigar, da zaren da bai dace da yadin ba don na kalar ya ƙare mata ran nan. Ga makullin mota rataye a ɗan yatsansa. Ga yadda yake karkatar da wuya in zai faɗi abin dariya.

A gabansa kuma, a bakin matakala, wata mata ce riƙe da bokiti cike da zarurruka, ta ɗaga fuska tana kallonsa, bakinta buɗe da dariya, rana ta cika mata ido.

"Yaya," in ji Auta cikin raɗa, "ke ce fa."

Mai Ɗinki ba ta san tana da irin wannan fuskar ba. Ba ta taɓa ganinta a madubi ba. Mijinta kaɗai yake ganinta.

"Ban samo miki fuskarsa ba," in ji tsohon. "Ki yafe mini."

Ta girgiza kai, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. "Na tuna abin da ya ce. Cewa ya yi keken nan ya fi ni nauyi, amma ni na fi shi surutu." Ta yi dariya cikin kuka. "Shekara bakwai ban tuna ba sai yanzu. Baba, Allah ya saka maka da alheri."

"Cire shi, Auta, kada ya ƙone. Sa a faranti na biyun."

Sai biyar saura suka sauka. Mai burodi da wani maƙwabci suka riƙe shi a matakala, yana yi musu tsiya wai sun fi shi haki.

Kwanansa goma sha ɗaya a asibiti. Kullum da yamma Mai Ɗinki takan rufe keke ta je ta karɓi Auta, ita kuma ta je gida ta yi wanka ta dubo yara. Ba ya yawan magana. Ya roƙi ma'aikaciyar jinya ta bar labulen tagar a buɗe, yana kwance yana bin hasken da ke tafiya a bango. Wata rana ya ce, "Dubi hannun matar can da take ba mijinta ruwa. Da ina da ƙarfi..." Ya ɗaga yatsa ya danna iska. "Shi ke nan, na ɗauka."

Ran na goma ya sa Auta ta matso. Ya ce akwatunan da ke ƙarƙashin gadonsa hotunan mutanen layin ne, kada a zubar, kada kuma a kai wani wuri a adana. A ba kowa nasa.

Washegari da hantsi Mai Ɗinki tana yanka yadi wayarta ta yi ƙara. Auta ce. Ba ta iya cewa komai ba sai "Yaya", sau biyu. Mai Ɗinki ta ajiye almakashin, ta ce, "Allah ya jiƙansa. Ga ni nan zuwa."

Bayan mako guda, da baƙi suka ɗauke ƙafa, su biyun suka jawo akwatunan. Guda shida ne. Suka ɗaura igiyoyin shanya tun daga hawa na biyu har bakin ƙofar gida, suka maƙala hotunan, Auta ta aika a gaya wa mutanen layi.

Kafin azahar matakalar ta cika. Mai burodi ya tarar da kansa da gashi baƙi wuluk, yana barci a kan buhun fulawa, ya riƙa rantsuwa shi bai taɓa barci a bakin aiki ba, ana ta yi masa dariya. Mai gyaran takalmi ya karɓi nasa da hannu biyu, ya juya baya ya daɗe yana gyaran hula. Wata tsohuwa daga gidan ƙarshe ta ga ƙanwarta da ta rasu tana tsallake kwata da takalmi a hannu, ta zauna a kan matakala ta ce ba mai tashinta. Wasu sun zo da niyyar minti biyar, suka kai la'asar suna nuna wa juna waɗanda suka tashi daga layin da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Kowa zai fita sai ya tsaya gaban Auta ya yi wa mahaifinta addu'a.

Akwati na shida bai hau igiya ba. Da suka buɗe shi suka ga duk Auta ce. Ga ta tana rarrafe, ga ta da haƙori biyu a fice, ga ta zaune a bakin ƙofar ɗakin wanki ta haɗa kai da gwiwa, an ɗauko ta daga sama ta wata 'yar kafa. Irin wannan na bakin ƙofa sun fi ashirin, kowanne da tsawonta daban.

"Ashe yana leƙowa," in ji Auta.

Da mutane suka watse suka zauna a matakalar sama, akwatin a tsakanin ƙafafunsu. Auta tana ɗauka tana ajiyewa, tana ba da labarin kowace riga, har maganarta ta fara ja. Kwana goma sha takwas ba ta yi barcin kirki ba. Kanta ya gangaro ya sauka a kafaɗar Mai Ɗinki, hoto ɗaya a hannunta.

Kafaɗar ta fara sagewa, amma Mai Ɗinki ba ta gyara zama ba. Ta zare hoton a hankali don kada ya lanƙwashe, ta ɗora shi a cinyarta. A ƙasa wani ya bar ƙofar gida a buɗe, iska tana shigowa tana kaɗa igiyoyin da ba kowa a kansu.